Hanyar Keken Bature

Ruwan ya kai wa Falmata gwiwa, kuma bai daina hawa ba. Ta sunkuya ta lalubo kan shinkafa ɗaya ta ɗago. Ya fara laushi, har yana warin ruɓa. Mako biyu kacal ya rage a yi yanka.

Kowace shekara kogin Haɗeja kan shigo fadamarsu, ya kwana biyu, ya fice ta wata 'yar magudana. Bana babu magudana. Bature ya ce a yi masa hanya mai tudu a bakin kogi, daga Haɗeja har ƙauyukan gabas, wadda zai riƙa bi da kekensa in ya fito rangadi. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya, ba lada, ba abinci. Namiji ɗaya ne a gidansu, mijinta Bunu, kuma da kansa ya ɗauko ƙasar da aka toshe magudanar gonarsa da ita.

Ta hau tudun, zaninta na ɗiga, ta durƙusa gaban Shu'ibu, helima mai kula da aikin.

"Ranka ya daɗe, taki ɗaya kawai za a buɗe ruwan ya wuce. Abincinmu na shekara ne, ga yara uku."

"Baiwar Allah, jibi Bature zai zo." Bai ko dube ta ba. "In kekensa ya faɗa rami, wuyan wa za a kama? Nawa ko naki?"

"To a gitta itace a sama, ni zan saro."

"Ba a ce in sa itace ba."

Bunu yana cikin layin masu ɗaukar ƙasa, ya ji komai. Ya sauke kwandonsa a hankali, ya karɓi fartanya a hannun na kusa da shi. Da rana tsaka, idon kowa a kansa, ya shiga saran hanyar. Babu wanda ya taya shi, babu wanda ya hana shi. Kafin 'yan doka su iso, ruwa ya ɓalle yana tafiya da ƙarfi zuwa kogi.

Sun yi masa bulala har ya daina motsi, suka ɗaure shi da igiya. Da za su wuce da shi Haɗeja ya ɗago kai da ƙyar.

"Falmata, kada ki bari shinkafar ta kwana a ruwa."

* * *

Washegari da hantsi ɗan aiken dagaci ya yi sallama. Doka ba ta sake ba, in ji shi: kowane gida mutum ɗaya.

Haka Falmata ta ɗauki kwando. Aka kai ta daidai inda mijinta ya sara, ta yini tana jido laka tana zubawa, tana takewa da ƙafarta. Tana jin kukan ruwan yana raguwa, yana raguwa, har ya yi shiru. Ta so ta yi kuka, amma wuyanta ya sage da nauyi.

Ranar da Bature zai wuce, aka jera mata a gefen hanya, aka ce in ya iso su rangaɗa guɗa. Ya taho a kan kekensa da farar hularsa, yana kaɗa 'yar ƙararrawa. Falmata ta ɗora hannu a hanci ta buɗe baki, amma abin da ya fito kururuwa ce, irin ta gidan mutuwa.

Bature ya waiwayo, ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu.