Makullin da Ke Wuyan Nayeli

Ofelia Barragán ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci ƙafarta rawa take yi, balle yau da aka kawo mata labarin da ya hana ta shan kofinta: wai Nayeli ta fasa tafiya jami'a.

Nayeli fa! Yarinyar da ta fara shigowa cibiyar matasan unguwa ko sunanta aka tambaya sai ta dubi takalminta. Ofelia, mai kula da cibiyar, ita ce ta koya mata tsayuwa gaban jama'a har ta zama shugabar matasan. Ita ta ja yara gaban hukumar garin Yakima suka hana a rushe filin ƙwallo. Makullin cibiyar ma a wuyanta yake, rataye da igiyar takalmi. Yanzu ga jami'a a Seattle ta ba ta gurbi, kawunta ya gyara mota zai haye duwatsu da ita ranar Asabar, ita kuwa ko akwati ba ta sauko da shi ba.

Araceli, mataimakiyar Nayeli, ce ta kawo zancen, yarinya mai baki kamar rediyo, wadda ba ta taɓa zuwa taro a kan lokaci ba.

"Malama, cewa ta yi ba inda za ta sai an sa mata albarka. Wai har yanzu shiru."

A al'adar mutanen unguwarmu kuwa yaro ba ya tafiya mai nisa sai babba ya zana masa gicciye a goshi. Ofelia ba ta tsaya jin sauran ba, ta figi jakarta ta faɗa mota. Ai ta san inda matsalar take. Doña Chayo, mahaifiyar Nayeli, ba ta jin Turanci. Asibiti, makaranta, gun mai gidan haya, duk Nayeli ce bakinta tun tana ƙarama. To shi ne za a kashe wa yarinya gaba saboda tafinta? A hanya Ofelia ta yi ta shirya maganganu masu zafi, tana faɗa wa sitiyari, tana gyarawa, tana ƙara gishiri.

Ta tarar da Doña Chayo a kicin, ta dawo daga kamfanin tsince tuffa ko rigar aiki ba ta cire ba, tana naɗa ƙullin tamales, mai kama da alala, a ɓawon masara. Tukunya biyu na kan wuta.

"A'a, Malama ce da tsakar rana? Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba, Maman Nayeli. Ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ta yi wahala, ta samu abin da ni da ke ba mu samu ba. Idan tafinta ne, ina da yara ashirin, duk wanda kike so zai raka ki asibiti. Ki sake ta, ki sa mata albarka!"

Doña Chayo ta ɗaure wanda ke hannunta, ta ajiye, ta goge yatsunta a hankali.

"Kin gama? To waɗannan da nake naɗawa na uban wa ne? Guzurinta ne, baiwar Allah. Ni tun ranar Lahadi na sa mata albarka, gaban ƙannenta, na yi kukana na share. Maganar asibiti kuwa, jiya ni kaɗai na je, na nuna wa likita inda ke ciwo da yatsa, kuma ban mutu ba."

"To albarkar wa take jira?"

"Ke dai Malama, ga ilimi ga rashin ganewa. Ranar da jami'ar ta ɗauke ta, da gudu ta wuce ni, wajenki ta fara zuwa. Me kika ce mata?"

Ofelia ta tuna sarai. Ta rungume ta, ta ce madalla, kafin ta sake ta kuma ta ce, to yanzu wa zai riƙe mana bikin unguwa na Satumba? Washegari ta ɗora mata shirin rajistar masu zaɓe. Bayan nan ta ce ta duba maganar ajin yamma na lokacin sanyi. Kuma wace ce shekara da shekaru take cusa wa yaran nan cewa shugaba na gari ba ya juya wa unguwarsa baya?

Kunya ta rufe ta, sai kuma tsoro, don gaskiyar magana ba ta son yarinyar ta tafi. Ba ta so ko kaɗan.

"Ungo, ci ɗaya," in ji Doña Chayo. "Kin yi wani fari fat."

Ba ta ci ba. Ta koma cibiya tana taka mota kamar ana bin ta.

Nayeli na kan tsani tana ɗaura ƙyallen bikin Satumba, yara na miƙa mata igiya, kowa na kiran sunanta. Makullin na lilo a ƙirjinta.

"Sauko," in ji Ofelia.

"Malama, saura gefe ɗaya..."

"Na ce ki sauko. Ba ni makullin."

Nayeli ta dafe shi da hannu biyu, idanunta suka kawo ruwa.

"Laifin me na yi?"

"Wa'adinki ya ƙare. Araceli, zo nan."

"Ni?" Araceli ta waiga bayanta. "Malama, wallahi ko makullin gidanmu sau uku ina yarwa."

"Ki yar da wannan ki gani."

Da hannunta ta zare igiyar daga wuyan Nayeli, ta rataya wa Araceli. Nayeli ta fara magana da sauri, wai Araceli ba ta san masu kiɗan ba, wai ba a karɓo izinin rufe titi ba, wai in ta ɗaga tafiyar zuwa baɗi ai ba wani abu ba ne.

"Bikin zai iya lalacewa," in ji Ofelia. "Ya lalace ɗin. Matso, 'yata."

Ta sa babban yatsa a goshin yarinyar mai gumi, ta ja ƙasa, ta ja gefe.

"Ki tafi. Allah ya tsare, Allah ya yi miki albarka. Kada in ga ƙeyarki a nan kafin Kirsimeti."

Nayeli ta kifa kai a kafaɗarta ta fashe da kuka, Ofelia kuwa ta kafe ido a kan ƙyallen da ya rage a karkace, don in ta dubi yaran ita ma kukan zai ƙwace mata.

Ranar Litinin, bayan tafiyar Nayeli, Ofelia ta iso ta tarar da ƙofar cibiya a kulle, yara sun yi cirko-cirko a rana. Araceli ta makara, ai dama. Ofelia na da nata makullin a jaka. Ta taɓa shi, ta sake shi. Ta zaro waya, sunan Nayeli ne a sama, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar.

"Malama, ba za ki buɗe mana ba?" in ji wata ƙaramar yarinya.

"Shugabarku na zuwa," in ji Ofelia.

Ta zauna a kan dakalin ƙofar, ta danne gwiwarta da hannu biyu, ta zuba wa hanya ido.