Tuwon Sulhu

Da aka sallami Habila daga asibiti a Funtua, ya koma ƙauyensu na bayan Kafur da ɗinki tun daga ƙasan ƙirji har mara. Likita ya ce taifot ce ta huda masa hanji, an yanke inda ya lalace an haɗa. Ya kuma ja wa matarsa Judith kunne: kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan. Ba tuwon dawa, ba wake, ba yaji, sai hanjin ya warke.

Hanjin bai warke da wuri ba. Da ya sha 'yan cokula sai ciki ya kumbura ya yi tauri, yana ƙugi har na kusa da shi ya ji. Gudawa kuwa ba ta sallama. Habila, wanda a da shi ke karatu a gaban coci, ya koma zama a bencin bakin ƙofa don ya samu fita da sauri. Ƙamshin daddawa daga maƙwabta kan sa yawu ya cika masa baki, sai ya juya fuska bango.

Duk wannan zai iya daurewa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar da ya tarar a gari.

Yayansa Isyaku ya musulunta tun yana saurayi, kuma hakan bai taɓa raba su da kwano ba. Habila na cin naman Sallah, Isyaku na cin shinkafar Kirsimeti. Fadamar ubansu ce ta haɗa su faɗa a farkon damina, har suka ɗaga wa juna murya a gaban mutane. Ba a daɗe ba aka yi suna a gidan Isyaku, Habila ya je ya ci abinci, bayan nan ciwon ya kwantar da shi. Mutane suka haɗa wannan da wancan. Aka ce sammu aka ba shi a abinci. Mata suka daina karɓar ko gishiri daga hannun Bilki, matar Isyaku. Shi kuwa Isyaku, in ya zauna a inuwa sai ka ga ana ta tuna wani aiki ana tashi.

Wata safiya Baffa Zakariya, ƙanin ubansu, ya shigo da sandarsa.

"Habila, ka san yadda gidanmu ke kashe irin wannan magana. Matar wanda ake zargi ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, ku sa hannu a akushi ɗaya a gaban dangi."

Judith ta ce, "Baffa, likita ya hana. A dama kunu mana, su sha tare."

"Kunu? 'Yata, mai jego za mu sulhunta? Wa zai yarda da kunu?"

"To a jira ya warke."

"Isyaku ba zai kai ba. Jiya a kasuwar Malumfashi wani ya ture masa ƙwaryar fura da ƙafa."

Bayan tafiyar tsohon, Judith ta durƙusa gaban mijinta, ta kira shi da sunan ɗansu. "Baban Saviour, ni na wanke ka a asibiti. Ni na ga abin da ya fito daga cikin nan. Ka faɗa musu gaskiya, ciwo ne."

"Na faɗa. Sun ce ina rufa wa ɗan'uwana asiri."

"To ka ce ba za ka iya ci ba."

"Sai su ce tsoron hannun Bilki nake."

Ya daɗe yana juya abin. Cikin nasa ne, amma ba nasa shi kaɗai ba, da Judith da yara a kansa. Sunan kuwa na Isyaku ne, sai dai saboda shi aka ɓata shi. Ya nemi hanyar da zai kare ɗaya ba tare da ya taɓa ɗayan ba, bai samu ba. Da ya tuna shi ne ya fara ɗaga murya a kan fadamar, sai ya ce wa Judith loma kaɗan zai yi.

Ranar da aka sa, dangi suka taru a gindin ɗorawa. Bilki ta ajiye akushi. Tuwon ja ne mai tauri, da miyar kuka da man shanu a kai. Ta sunkuya ta ce a hankali, "Ban sa barkono ba, Habila. Ko ɗaya."

"Ashe rowa kika koya da ba na nan," in ji shi. Aka ɗan yi dariya.

Ya yanko loma. Daɗinta ya kusa sa shi kuka. Ya ƙara. Cikin ya fara murɗawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Isyaku ya gani, ya jawo akushin wajensa.

"Ya isa, ƙanena. Sun gani."

Habila ya ɗaga kai. Idanun jama'a na kansa, suna auna kowace loma. Ya san in ya tsame hannu yanzu, gobe za a ce taɓawa kawai ya yi.

"Yaya, tun muna yara kake min wannan wayon. Dawo da tuwo tsakiya."

Suka ci har aka ga gindin akushi. Baffa Zakariya ya sa albarka, mutane suka miƙa wa Isyaku hannu, har wata mata ta roƙi Bilki ragowar miya.

Kafin la'asar cikin Habila ya kumbura kamar zai tsage, amai ya ƙi tsayawa. Aka kira mai Keke Napep. Isyaku ya rugo zai ɗauke shi, Judith ta tare shi da hannu, ba ta ko dube shi ba. Daga bayan danga wata murya ta ce, "Ba mu faɗa ba? A gaban kowa ma bai ji tsoro ba." Habila ya buɗe baki zai ce tuwo ne kawai, amai ya riga maganar fitowa.

A Funtua aka sake buɗe shi. Ya farfaɗo da roba a hanci, an hana shi ko kurɓin ruwa, sai dai a jiƙa auduga a shafa masa a leɓe.

Isyaku ya zo dubiya da hantsi, lokacin Judith ta fita shanya. Ya tsaya nesa da gado. Kowa a ɗakin an kawo masa wani abu, lemo ko ayaba ko fulas na kunu. Shi ya buɗe tafukansa ya nuna.

"Ban kawo komai ba. Ko sabulu. Bilki ta tafi gidansu. Ni ma na yi magana da wani a kamfanin auduga, zan dawo nan gari da zama. Fadamar taka ce."

"Wa zai nome ta?" Muryar Habila da ƙyar take fita. "Yaya, bakina ya bushe. Ga auduga can, ga kofi."

Isyaku ya dubi kofin. Ya dubi masu jinya a gadajen kusa, akwai 'yan wajen Kafur a cikinsu. Ya matso har ya miƙa hannu, sai ya mayar da shi cikin aljihu.

"Bari in kira maka Judith," ya ce, ya fita.