Baƙar Laimar Yaya Sornam

Shekara biyu a jere hankaka ya ƙi cin shinkafar gidanmu, kuma duk layinmu a garin Kumbakonam, a kudancin Indiya, babu wanda bai sani ba. Ranar Mahalaya, ranar duhun wata da muke azumi domin matattunmu, ba mai kai loma baki sai an zuba shinkafa a ganyen ayaba an kai saman bene, hankaka ya sauko ya ci. In ya ci, mamaci ya karɓa ke nan. In ya ƙi, akwai abin da ke ransa.

Mamacin kuwa mijina ne. Ya rasu ba da daɗewa ba bayan ɗanmu Kadiresan ya auro Tenmoli, 'yar masunta daga bakin teku, auren da shi mijin nawa ya ƙi leƙawa. Ana share makoki yayar mijin nawa, Sornam, ta kwaso komatsanta ta tare mana a gida, wai za ta ɗebe mini kewa. Ni dai ban tuna ranar da na ce mata ina kewa ba.

Shekarar farko Tenmoli ce ta dafa. Hankaka bai zo ba, sai saniya aka ba wa da yamma. Yaya Sornam ta ce, "Hannun da ya saba da ƙarnin kifi? Ƙanena ba zai ci ba." Shekara ta biyu ta kori yarinyar daga madafa ta dafa da kanta, nan ma shiru. Na ɗauka bakinta zai mutu. Ina! Cewa ta yi, "Ai yarinyar tana cikin gidan."

Na faɗa musu abin da na gani da idona. Tsohon nan kafin ya rasu, in ya ga ba kowa, yakan lallaɓa ya buɗe tulun lemun tsamin da Tenmoli ke jiƙawa da gishiri da barkono, ya lasa, ya rufe, ya fito yana muzurai. Mai fushi na gaske ba ya haka. Amma wa zai saurari tsohuwa alhali hankaka ya yi shiru?

Bana na sa ƙafa na ce Tenmoli ce za ta dafa. Da safe, Kadiresan ya tafi kogin Kaberi zuba wa ubansa ruwa da baƙin riɗi, na shiga ɗakinsu na tarar da jaka a ɗaure a bayan ƙofa.

"Wannan fa?"

"Inna, in bai ci ba yau, zan koma gidanmu," in ji ta. "Ba don Gwaggo ba, ita na saba. Ɗanki ne. In ina zuba masa abinci ya daina ɗago kai ya dube ni. Ba ya cewa komai, amma na san abin da yake tunani."

Raina ya ɓaci, domin gaskiya ta faɗa. Ina son yarinyar nan, kuma ban iya ɓoye so ba. Na ce ta je ta ɗora tukunya.

Ta dafa shinkafa da wake, ta soya ƙosai, ta dama kunun madara mai zaƙi, ba albasa ba tafarnuwa. Kadiresan ya dawo da jiƙaƙƙen zane, ya ɗauki ganyen ya hau sama. Muna tsakar gida muna jin muryarsa: "Kaa, kaa, kaa." Hankaki suka ci shinkafar maƙwabta, muka ji ƙarar kwanukansu. Rana ta take. Muryar yaron ta fara dushewa.

Yaya Sornam tana zaune tana fifita. "To," ta ce, "ga shekara ta uku."

Ni rabona da hawa benen nan tun mijina na raye, gwiwoyina sun ƙi. Amma ranar na ce ko da rarrafe ne sai na je na ji daga bakin tsohon nan. Na hau da baya, ina jan jiki daga mataki zuwa mataki, ina zaginsa a zuciya yadda ban taɓa yi ba yana da rai.

Ina isa na ga ɗana a tsugune, idanu jajur. Hankaki kuwa ga su nan jere a kan wayar wuta, suna leƙen shinkafar, ba mai matsowa. Sai na waiga. A bayan tankin ruwa, ɗaure a jikin gora, ga wata tsohuwar baƙar laima a buɗe, ga fiffiken hankaka yana reto a jikinta.

Duk macen da ta taɓa shanyar wainar shinkafa a bazara ta san wannan. Da shi ake korar hankaki. Yaya Sornam ce ke shanya a nan, ita ce kuma ta hana Tenmoli hawa, wai kada ta ɓata mata tsarkin shanya.

"Kai, tun yaushe abin nan yake nan?"

"Tun zuwan Gwaggo," ya ce. "Na ɗauka tankin take yi wa inuwa."

"Tankin. Kai da ubanka duk kanku ɗaya."

Na kwance igiyar da haƙori da farce, na wurga laimar tsakar gida. Ta faɗi a gaban mai ita. Ko mantawa ta yi da ita ko tana sane, ban tambaya ba har yau.

Na leƙa ƙasa na ce, "Tenmoli, hawo. Ki taho da tulun lemun nan."

"Ba a sa wannan a abincin matattu," Yaya Sornam ta ɗaga murya.

"In an hana, ya zo ya faɗa mini da kansa."

Yarinyar ta hawo, ta ajiye yanki ɗaya a gefen ganyen. Muka ja da baya. Na ce ita za ta kira. Ta kira a hankali.

Wani ƙaton hankaka ne ya fara saukowa, mai furfura a wuya. Ya taka a hankali, ya karkata kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da na sha shekara da shekaru. Ya tsallake ƙosan, ya tsallake kunun, ya cafki lemun. Ya girgiza kai saboda barkono, amma bai saki ba. Sannan ya ɗaga baki ya kira 'yan'uwansa, suka rufe ganyen har ba a ganin korensa.

Kadiresan ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka kamar yaron goye. Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba, har maƙwabta suka leƙo. Na ce musu su duba da kyau, su kuma kai labari har ƙarshen layi.

Su biyun suka sauko da ni. Yaya Sornam na tsaye da karyayyar laimarta.

"Wa ya ce a taɓa mini kaya?"

"Yaya," na ce, "tun yana yaro da laima kike bin sa. Ya taso daga inda yake, da yunwarsa, ya tarar da ita a buɗe, kina zaton zai sauko? Shekara biyu kin hana ƙanenki cin abinci a gidansa."

Ta ajiye laimar. Sai ta zauna a gaban ganyen ayabar da za a zuba mata abinci, don ita ma yunwar take ji.

Tenmoli ta bi layi tana zuba mana. Da ta zo kan mijinta ya ci loma ɗaya, ya ɗago kai, ya dube ta sosai.

"Ƙara mini," ya ce. "Har da lemun."