Balbelar Gwadabe

Tun ranar da aka kawo Kadijatu gidan Gwadabe a Gafasa, bai taɓa kiran sunanta na yanka ba. Sunan kakarsa ne wadda ta goye shi, bakinsa ba ya iya ɗauka. Da farko gyaran murya yake yi in yana son magana da ita. Sai wata safiya tana tsaye gindin rumbu tana jiran ya miƙo mata damin gero, ya leƙo ya ce, "Karɓi, Balbela." Shi ke nan suna ya bi ta.

Ita 'yar Bubayero ce, Bafulatanin da kan sauka da garkensa a gonakin Gafasa duk kaka, shanu su ci kara su bar taki. Ta fi kowa a garin sanin balbela, amma ba ta ga abin da ya haɗa su ba. Wata rana suna ɓarar gyaɗa ta tambayi Indo, yayar mijinta.

Indo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙafafunki mana. Dube su, kamar sillen kara."

 Daga ranar dai Kadijatu ta riƙa sakin zaninta har idon sawu. In ya kira ta takan amsa, amma a can ƙasan zuciyarta abin na ɗan sukarta kamar ƙaiƙayi. A haka suka yi shekara goma sha biyu, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere ruwa ya yi rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Bubayero ya aiko cewa bana ba zai sauka ba, ya kora abin da ya rage na shanunsa kudu, can wajen Kaciya. Kaka ta wuce ba ƙaho ko ɗaya a gonakin Gafasa.

Kadijatu ta fara wani irin shiru. Tana cikin daka da rana tsaka sai ta ji kukan maraƙi a bayan danga. Ƙamshin hayaƙin da ake turara wa shanu ya cika mata hanci, ta ga garke na ratsa tsakar gidan a hankali, farare da jajaye, ba sa taɓa ko tukunya. Takan daɗe tsaye da taɓarya a hannu, har kaji su hau turmin.

Wata la'asar Gwadabe ya neme ta a gida ya rasa. A gonarsa ya same ta, zaune gindin gawo inda mahaifinta ya saba kafa turaku. Ya jingine kekensa ya zauna nesa kaɗan.

"Malam," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "me ya sa kake ce mini Balbela?"

Ya ɗan jima yana wasa da ƙasa. "Nan wurin ne. Kakar da kuka fara sauka, na zo da sassafe duba kara. Hayaƙi ya kwanta a kan shanu, balbelu sun cika tsakanin ƙafafunsu. Sai na ga ɗaya ta miƙe tsaye, ashe yarinya ce cikin farin saƙi, da ƙwarya a ka. Da garken ya motsa, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, ke kina tafe a tsakiyarsu. Wallahi na ɗauka ke ma tashi za ki yi. Ban sauke numfashi ba sai da na ga kin taka ƙasa kin wuce."

"Ashe ba ƙafafuna ba ne?"

"Wane ƙafafu? Ni da ko sallama na kasa yi."

Ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, dariyar ta juye kuka, ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa ya ce, "Ki haɗa kaya. Jibi zan kai ki wajen su Baffa."

Suka bar manyan yaran wurin Indo. Ya ɗauke ta a keke da goyonta har Gaya, suka hau babbar mota zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta manne da taga tana kallon ƙasa na sauya launi, ja ya koma ruwan toka, har ciyawa ta fara bayyana tsilli-tsilli a bakin rafuka.

Kwana uku suna tambaya kafin su sami rugar. Shanu goma sha ɗaya suka rage, duk haƙarƙari a waje, amma suna kiwo. Bubayero ya fito daga bukka yana kare rana da hannu, ya tsufa ƙwarai. Kadijatu ta durƙusa ta gaishe shi da Fulatanci, harshen ya zubo mata kamar jiya ta bari. Gwadabe na can baya riƙe da ƙunshin kaya, ba ya jin ko kalma, yana ta murmushi.

Shi ya kwana biyu ya juya saboda sharar gona. Ita ta yi kwana arba'in tana tatsa tana burga, kumatunta suka ciko. Ranar da ƙanenta ya rako ta Gafasa da ɗan man shanu a duma, ta tarar Gwadabe ya yi wa ɗakinta sabuwar jinka.