Kumatun Mu'awiya

Ranar da maɓallin rigar makarantar Mu'awiya ya ƙi shiga, sai da Zaituna ta rangaɗa guɗa a tsakar gida.

Shekara takwas tana fama da ɗan nan nata. Ta ɗura masa kunun gyaɗa, ta dama masa fura da kindirmo, ta soya masa kifin Nguru har gida ya ɗauki ƙarni, amma yana nan kamar sillen kara. Surukarta kuwa, Hajiya Rahima ta Gashuwa, duk ganin da za ta yi masa sai ta tambaya, cikin dariyar nan tata, ko a Nguru an daina ɗora tukunya ne. Maganar tana ci wa Zaituna rai, ba ta dai taɓa tankawa ba.

Sai ga shi cikin 'yan kwanaki yaro ya yi kumatu. Fuska ta cika, ido ya shige, takalmi ya matse shi. Maƙwabta suka yi ta sa albarka, wata har ta roƙi a gaya mata sirrin. Da malaminsu ya aiko cewa yaron yana yawan gyangyaɗi a aji, Zaituna ta ce jiki ne ya yi nauyi, mai ƙiba ai ba a raba shi da barci.

Ta kasa jira a yi hutu. Ranar Asabar ta sa masa sabuwar shadda, ta mulke shi da mai, suka hau motar Gashuwa. Duk hanya murmushi take ita kaɗai, tana tura masa ƙosai yana kau da kai.

Tun daga zaure ta ɗaga murya. "Hajiya, fito ki ga mijinki! Yau dai ki faɗa mini ko ana girki a Nguru."

Hajiya ta fito tana tafa hannu, tana tsokanar jikan nata wai ya yi wata amaryar ne take ciyar da shi a ɓoye. Ta jawo shi kan tabarma, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. Nan dariyarta ta tsaya. Ta duba fatar idonsa, ta tambaye shi a hankali yaya fitsarinsa. Ya ce kaɗan yake yi, kuma kalar shayi ne. Ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, bai ciko ba.

Zaituna tana tsaye tana ta lissafa mata abin da take zubawa a kunun.

"Kada ki cire mayafin, 'yata, asibiti za mu," in ji Hajiya. "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Haka ciwon ƙodar kakansa marigayi Malam ya fara."

Zaituna ta durƙusa a gaban ɗanta. Ta sa tafin hannu tana murza wurin a hankali, tana turo naman daga gefe don ya rufe, ramin yana nan.