Ranar da Evaristo ya karanta jawabin shugaba

A masana'antar sigari ta birnin Tampa na ƙasar Amurka, aikin Don Evaristo karatu ne. Yakan hau ɗan dandamali da jarida, 'yan Kuba ɗari biyu suna naɗin taba suna saurare. Su suka zaɓe shi, su ke iya sauke shi.

A watan Afrilun 1898 jarida ta zo da jawabin shugaban Amurka, inda yake neman majalisa ta yarje masa ya tura soja Kuba. Evaristo ya gyara tabarau, yana dubawa da Turanci yana faɗa da Sifaniyanci. Shugaba ya ce kisa da yunwa sun yi yawa a bakin ƙofarsu, ciniki ya lalace, ga jirgin ruwansu da ya tarwatse a Habana, babban birnin Kuba. Ma'aikata suka dinga buga wuƙaƙe a kan tebur, don tafinsu ke nan.

Doña Casilda, wadda 'ya'yanta biyu suka shekara uku a dajin Kuba suna yaƙar mulkin mallakar Sifaniya, ba ta buga ba.

"Don Evaristo, a ina ya ambaci gwamnatinmu ta 'yan neman 'yanci?"

Ya koma baya, ya bi layin da yatsa. Yana iya cewa bai kai wurin ba tukuna, amma ya kai.

"Ya ce bai dace a amince da ita yanzu ba. Ɓangarorin biyu zai tsawata wa, mu da Sifaniya."

"Biyu?" in ji Nemesio, wani ƙaton mai naɗin taba. "Ƙarya ne! Dama uwarka 'yar Sifaniya ce, nono ne ya motsa."

"Ga jaridar, ɗan'uwa, karanta da kanka."

"Da na iya, me zan yi da kai?"

Aka yi dariya, amma da la'asar aka ɗaga hannu, aka sauke shi. Casilda ce kaɗai ta bar hannunta a kan ganye. Wanda ya gaje shi murya gare shi, kuma ya san wuraren tsallakewa.

Kafin wata ya ƙare yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Sifaniya, sojan Amurka suka cika Tampa. Rundunar tana neman tafinta, Evaristo ya je, aka ɗauke shi. A watan Yuni ya hau jirgi zuwa Kuba. Casilda ta biyo shi bakin ruwa da takalma ƙafa biyu, ko zai gamu da yaran. Guda ya samu a raye, shi ya karɓi takalman duka.