Shafin da Ban Goge Ba

La'asar ce, ana yayyafi. Ina zaune bakin gadon maƙwabcinmu Mista Dombek, ina karanta masa wani dogon rubutu kan yadda aka daina amfani da jiragen ƙasa na cikin gari. Na kai tsakiya ya ɗaga hannu.

"Ƙarya marubucin nan yake yi. A gabana aka cire su."

"Mista Dombek, kai fa ka ce abin da ke takarda kaɗai ake bi."

"Ji Farfesa," in ji shi. "To, ci gaba."

Haka yake kirana, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba. Tsohon direban bas ne a nan Toledo. Da ya yi ritaya sai ya ƙudiri zana jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, ya aro littafin gwaji a laburare, mai ɗauke da rubuce-rubuce da tambayoyi a ƙarƙashin kowanne. Ciwon daji ya zo ya cinye ƙarfinsa da ganinsa, shi ya sa in na taso daga shagon gyaran taya nake shigowa in zame masa ido.

Yana da tsarinsa. In na gama sakin layi sai in dakata, ya faɗi abin da aka ce a taƙaice, sannan ya tambayi kansa ko ra'ayin marubucin ne ko na wasu yake kawowa. Matsalarsa ɗaya ce: ya san duniya da yawa. Sai ya bar takarda ya amsa da abin da ya gani da idonsa. Bai taɓa cinye tambayoyin rubutu guda duka ba, kuma wannan kaɗai ya rage masa buri, don likita ya riga ya gaya wa 'yarsa Renata cewa ba zai kai ranar jarrabawar ba.

Na taɓa tambayarsa me zai yi da lauyanci a shekarunsa. Ya ce shi ma abin da yake son ya gano ke nan.

Ranar nan yana zaɓen amsa ina zagayewa da fensir. Da muka zo tambaya ta ƙarshe, numfashinsa na fita da ƙyar. Amsa ta biyu ita ce abin da yake ta faɗa tun ɗazu.

"Ta biyun ce gaskiya," ya ce a hankali. "Amma mutumin bai faɗa ba. Sa ta huɗu."

Ya ce in duba amsoshin a bayan littafi. Ni ba mai saurin karatu ba ne, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Duka daidai. Na ɗago in gaya masa, na tarar barci ya ɗauke shi. Na ce bari sai gobe.

Washegari da safe Renata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, idanunta jajur.

Bayan jana'iza na ga littafin cikin kwalin kayan da za ta zubar, da hatimin laburare a jikinsa. Kullum yakan ce in tuna in goge fensirin kafin a mayar, kayan jama'a ne. Na zauna a matakalar gidansa na bi shafukan ina gogewa, ina hure ɓurɓushin. Na jiragen nan ne kawai na bari.

Da na isa, an riga an tashi a laburare. Na zura shi ta ramin mayar da littattafai, na ji faɗuwarsa a ciki.